Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa yaran da ake wa wankin ƙoda ta ciki ke ramewa?

A wankin ƙoda ta ciki, ana zuba ruwan magani cikin ciki, tantanin da ya lulluɓe hanji ya tace dattin jini. Ruwan da ake zubarwa yana fita da furotin da bitamin B da C, asarar kuma takan ƙaru idan tantanin ya kumbura. Sukarin ruwan kuwa yana kashe sha'awar abinci, sai girman yaro ya tsaya.

Don haka ake ƙara masa ƙwai, kifi da nama, a taƙaita abinci mai yawan fosfet. Ƙarancin sinadarin ƙarfe da bitamin D ma ya yawaita a tsakanin irin waɗannan yara. Jarirai kan rasa gishiri, wasu sai an ciyar da su ta bututu. Bitamin A kuwa taruwa yake a jiki, ba a ba da shi sai da izinin likita.