Wa Ya Kashe Uwar Adashi?

TAMBAYA: Ni malamar firamare ce a unguwar Barunde, cikin garin Gombe. Na rubuta labarin wata uwar adashi da aka wayi gari aka tarar da gawarta a ɗaki. Da na ba ƙawayena suka karanta, tun a babi na uku suka ce ai kishiyarta ce. Haushi ya sa na canza ƙarshen, na kawo wani baƙo daga Kano a babin ƙarshe, sufeton 'yan sanda ya gano shi ta zanen yatsansa a jikin kofi. Yanzu kuma sun ce na yi musu coge. Ga shi ba ni da kuɗin biyan edita. Ina mafita?

AMSA: Ki riƙe ƙawayen nan da kyau, don aikin edita suka yi miki kyauta, kuma duka hukuncinsu biyu daidai ne. Baƙon Kano coge ne. Mai karanta labarin bincike tsere yake yi da marubuci, yana so ya riga shi gano mai laifi, saboda haka dole a nuna masa duk abin da mai bincike ya gani. Tun 1929 wani limamin coci a Ingila, Ronald Knox, ya tsara wa irin wannan rubutu ƙa'idoji 10, ta farkonsu ita ce a gabatar da mai laifi tun farkon labari, ta biyu kuma kada a warware matsala da ikon ɓoye. A wajenmu wannan ta biyun ta rufe ƙofar mafarki, da boka, da aljanin da zai hau kan yarinya ya faɗi suna.

Amma ni abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne sufeton nan da kofinsa. Daga fim kika ɗauko shi. Ki tuna yadda mutuwa take a unguwarku. An tarar da gawa bayan asuba. Kafin hantsi mata sun cika tsakar gida, an share ɗakin, an kwashe kwanuka an wanke, kofin ya bi hannu goma. An aika yaro sayo likkafani, maza sun tafi haƙa kabari, kafin azahar an kai ta makwancinta. Ko wani ya kawo zancen a kai ta asibitin koyarwa na tarayya likita ya bincika, dattijon gida zai ce kwananta ne ya ƙare, kada a wulaƙanta gawa. Cibiyar gwajin ƙwayar halitta da Jihar Legas ta buɗe a 2017 kuwa tana can nesa, ba inda ake aika kofin uwar adashi ba ne.

Wannan gaggawar ita ce dukiyar labarinki. Marubucin Landan sai ya ƙirƙiro dabarar ɓatar da shaida, ke kuwa al'ada ta binne miki ita cikin rabin yini, ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba. To wa ya ga gawar da idonsa? Matar da ta yi mata wanka. Ita ce ta zare ɗankwali ta ga shatin yatsu a wuya. Ita ce ta ɗaga hannun ta ji ya sandare ƙam, alhali mutanen gida sun ce da asuba sun ji tarinta. Gawa takan fara sandarewa bayan 'yan sa'o'i, ba ta gama ƙamewa sai wajen sa'a 12, ko da yake zafin Gombe na watan Afrilu yana gaggauta abin. Ke nan wani ya yi ƙarya game da lokaci. Ga kuma tarbiyyar da aka yi wa mai wankan gawa, cewa abin da ta gani ta rufa asiri. Mace mai tsoron Allah, ta ga abin da bai kamata ta yi shiru a kansa ba, an kuma hore ta da yin shiru: wannan ta fi sufeto goma.

In kina son wadda za ta yi yawon bincike, ga dillaliya. Gidan da aka rubuta "ba shiga" ɗan sanda sai ya tsaya a zaure, ita kuwa har uwar ɗaka. Ta san wadda ta sayar da ɗankunnen zinarinta a ɓoye, da wadda ta ɗauki adashi ta daina zubi. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla ya fitar da littafin Mzimu wa Watu wa Kale a 1960, inda ya ari tsarin Sherlock Holmes ya ba jarumin littafin, Bwana Msa, mutumin garin da ya san lungunansa. Mu a Hausa labarin laifi ba baƙo ba ne: Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da ya fito daga gasar rubutu ta 1933, labarin ɓarayi ne, ga Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da suka fito a 1982. Sai dai a cikinsu tare da masu laifin ake tafiya. Wanda ake ɓoye mai laifi sai ƙarshe shi ne fagen da, a ganina, har yanzu da sauran fili.

Kishiya kuma kada ki cire ta. Mai karatu Bahaushe ita zai fara zargi, to ki bar shi ya zarge ta, ki ma ƙara masa hujja. A ce an yage shafi ɗaya daga littafin adashi, a kuma tabbatar ita ta yage, don ɓoye bashin da ake bin ta. Sai can gaba a lura cewa takarda fuska biyu gare ta, sunan wani yana bayan shafin. Haka ma tsohon ɗan Kalare, wato ɗan daba, na bakin layi. Tun rahoton da Human Rights Watch ta fitar a 2007 sunan Kalare ya manne wa Gombe, kuma da an ga jini su ake fara nunawa. A kama shi a labarin, mai karatu zai yarda da sauri, daga baya ya ji kunyar saurin yardarsa. Kada dai ki rufe littafin da ikirarin da aka samu ta hanyar duka. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta haramta shi, kuma a labari ragwanci ne. Ki sani kuma shari'ar kisan kai ba ta ƙarewa a ofishin DPO. Ana miƙa ta sashen binciken manyan laifuka na jiha, majistare ya tura wanda ake zargi gidan yari kafin ma'aikatar shari'a ta ba da shawara, babbar kotu ce ke yanke hukunci.

Gyaran da kanki za ki iya. Ki samu falle biyu. A na farko ki rubuta abin da ya faru da gaske a daren, daga magariba zuwa asuba, kina auna lokaci da kiran salla da ɗauke wuta, don da su mutane ke tuna abu. A na biyu ki rubuta abin da kowa ya ce ya yi. Inda suka saɓa, nan alamominki suke. Sannan ki bi littafin da jan biro: duk hujjar da aka kawo a babin ƙarshe, ki nemo shafin da aka fara nuna ta. In babu, ki koma ki dasa ta a tsakiyar wata hidima, lokacin rabon abincin sadakar uku misali, inda hankalin mai karatu yake wani wuri. Bayan haka ki nemi sababbin masu karatu da ba su san tsohon labarin ba, ki tsayar da su a tsakiya su rubuta wanda suke zargi da dalilinsu. In duk sun dace, alamun sun yi yawa. In sun kai ƙarshe suna cewa daga ina wannan ya fito, sun yi kaɗan.

Sunayen unguwanni, Barunde da Pantami da Jekadafari, ki sa su yadda suke. Amma gidan da mutanen ki ƙirƙire su ƙirƙira, ki kuma tabbatar babu wata uwar adashi a layinku da za a ce da ita kike, don ɓata suna laifi ne da ake kai mutum kotu a kansa.