Darasi na Bakwai: Tanadin Fansho da Sauƙin Harajin Albashi

Gabatarwa

Manomin auduga a ƙasar Funtua da Malumfashi ba ya kai dukkan amfanin gonarsa kasuwa. Sai ya ware iri, ya zuba hatsi a rumbu domin bazara. Rumbun ma'aikacin albashi shi ne asusun fansho. Wannan darasi zai bayyana yadda ake tara kuɗi a asusun, da yadda tarawar take rage harajin da ake cira daga albashi.

Asalin Tsarin

A shekarar 2004 aka kafa dokar fansho ta karo-karo a Nijeriya, tare da Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom. Da farko ma'aikaci da mai ba shi aiki kowa yana zuba kashi 7.5 cikin ɗari. Dokar 2014 ta ɗaga kason ma'aikaci zuwa kashi 8, na mai ba da aiki kuwa zuwa kashi 10. Tsarin ya shafi ma'aikatan tarayya, kamar malaman kwalejin 'yan mata ta gwamnatin tarayya da ke Bakori, da na kamfanoni masu zaman kansu. Malaman jiha kuwa dokar jiharsu ce take tafiyar da nasu.

Yadda Haraji Yake Raguwa

Sai an fitar da kuɗin fansho kafin a lissafa haraji. Bisa dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, naira 800,000 na farko a shekara ba su da haraji, naira miliyan 2.2 da ke biye kuma ana cire musu kashi 15.

A misali, malami yana samun naira 2,400,000 a shekara. Idan aka ajiye sauran rangwame gefe, kasonsa na fansho naira 192,000 ne, harajinsa kuwa naira 211,200. Da babu fanshon, da naira 240,000 zai biya. Idan ya umarci ofishin albashi ya riƙa ƙara masa naira 10,000 kowane wata a asusun, bisa raɗin kansa, zai tara naira 120,000 a shekara, harajinsa ya sake raguwa da naira 18,000. Ke nan abin da ya ragu a hannunsa naira 102,000 ne kacal.

Abubuwan Lura

Na farko, wanda abin da yake samu bai wuce naira 800,000 ba, ƙarin ba zai rage masa komai ba, domin dama ba ya biyan haraji. Na biyu, wanda ya cire kuɗin ƙarin kafin shekara biyar, za a ɗora wa ribarsa haraji. Saboda haka kuɗin taki ko na makarantar yara bai dace a kulle shi a nan ba. Na uku, mai gudun riba ta kuɗin ruwa yana iya neman a mayar da shi asusu na shida, wanda PenCom ta ɓullo da shi a 2021.

Auna Fahimta

1. Bambanta tanadin dokar 2004 da ta 2014.
2. Lissafa harajin malamin misalinmu idan ƙarinsa naira 5,000 ne a wata.
3. Rubuta wasiƙa zuwa ga ofishin albashi kana neman a riƙa cire maka ƙarin.