Sha-ka-fashe da abin da take bari a jiki

A shagon magani da nake aiki a nan Sabo, kusa da Mokola, akwai ƙwayar da ba a cika tambayarta da sunanta ba. Budurwa za ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, a ba ni na ƙiba, biki ya matso." Ɗan dako kuwa cewa yake, "A yi mini haɗi, jikina duk ya yi tsami." Idan ka kwance ƙullin ledar da aka saba ba su a wasu wuraren, sau da yawa za ka tarar da deksametazon ko firedinisolon a ciki. Ita ce ake kira sha-ka-fashe.

Maganin kansa ba abin zargi ba ne. Tun 1948 likitoci a Amurka suka fara ba masu ciwon sanyin ƙashi kotizon, kuma har yau da danginsa, irin su waɗannan ƙwayoyi biyu, ake ceto mai asma idan numfashi ya sarƙe. A watan Yunin 2020 binciken Jami'ar Oxford ya nuna deksametazon ta rage mutuwa da kusan kashi ɗaya cikin uku a masu korona da ke kan na'urar numfashi. Amma wannan da awo ake yi, da ranar farawa da ranar tsayawa.

Ƙibar da sha-ka-fashe take kawowa ruwa ne da gishiri da jiki ya riƙe, da kitsen da ya sauka inda bai dace ba. Fuska ta yi zagaye, ƙeya ta yi tozo, ciki ya fito, hannu da ƙafa kuma su sirance saboda tsoka tana narkewa. Na ga yarinyar da ba ta taɓa haihuwa ba, cinyoyinta da gefen cikinta duk nankarwa masu faɗin ɗan yatsa, fatar wurin har tana sheƙi don laushi. Wannan zane ba ya gogewa. Daga ciki kuma suga na hawa, jini na hawa, ƙashi na ruɓewa a hankali, ido na yin yana. Wanda ya haɗa ta da diklofenak, kamar yadda ake yi a haɗin ciwon jiki, gyambon ciki yake nema, har da aman jini. Garkuwar jiki ma tana rauni, sai tsohon tarin fuka da ya kwanta ya farka. Masu sikila su fi kowa kiyayewa, domin kan ƙashin ƙugunsu dama a cikin haɗari yake.

Kada mata su ce su ba sa sha, shafawa suke. Man bilicin da yawa, da irin su Funbact-A da Skineal da ake zubawa cikin man jarirai, suna ɗauke da dangin wannan magani, fata kuma tana tsotsa. Makero ma da shi ake ɓoye shi, ya lafa kwana biyu ya dawo ya fi da faɗi.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne mai jin wannan bayani ya tsorata ya watsar da ƙwayar rana ɗaya. A kan kowace ƙoda akwai 'yar tsoka da ke samar wa jiki irin wannan sinadari. Idan an wuce mako 3 ana sha daga waje, sai ta daina aiki, kamar gidan da ake kawo wa tuwo kullum har murhunsa ya huce. Ka yanke kwatsam, sai kasala, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, wani har ya sume. A Sabo nan sai a ce iska ce ko sammu, a tafi neman rubutu.

Wanda ya daɗe yana sha, ya ci gaba da adadin da ya saba, ya ɗauki kwalin ko ledar ya je wurin likita, ko a asibitin UCH ko na Adeoyo, a auna masa suga da jini, a tsara masa ragewa kaɗan-kaɗan. Wani makonni zai ɗauka, wani watanni. Idan za a yi masa tiyata ko zazzaɓi mai zafi ya kama shi a tsakani, ya faɗa wa likita tun kafin a tambaye shi.