Allurar Sinawa da Ƙahon Wanzamai

Mu da muka tashi a ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum mun san aikin wanzami. In baya ya riƙe, sai ya kafa ƙaho ya zuƙa, ya yi 'yar tsaga da aska, ya sake kafawa, jini ya fito, a ce matacce ne. Mutanen ƙasar Sin ma suna da irin wannan, amma sun fi shahara da allura.

Allurar tasu ba irin ta asibiti ba ce, babu rami cikinta, balle ruwan magani. Siririya ce kamar gashin wutsiyar doki. Malamansu na dā, tun fiye da shekara 2,000, sun ce akwai wani ƙarfi da ke gudana cikin jiki ta manyan hanyoyi 12, kamar yadda ruwa ke bin magudana a lambu. In ya toshe sai ciwo, in an soka allura a gurbin da ya dace sai ya buɗe.

Yadda suka koyar da ita abin sha'awa ne ga mai koyon malanta. A 1027 wani likitan fada, Wang Weiyi, ya sa aka ƙera mutum-mutumi na tagulla, duk jikinsa 'yan ramuka. An ce ran jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma, a cika shi da ruwa, a miƙa wa almajiri allura. In ya dace, ruwa ya ɗigo. In ya kuskure, tagulla ta tokare shi, ba kuwa wata gardama da malam.

To, likitocin zamani sun bincika jiki, ba su ga hanyoyin nan ba, jijiyoyi suka gani. Gwaji ya nuna allurar tana sassauta wa waɗansu ciwon baya da na gwiwa da na kai. A ganinmu iyakarta ke nan, ita da ƙaho. Masu aikinta yanzu sau ɗaya suke soka kowace allura su yar, domin ƙarfen da ya shiga jikin mutum biyu yakan ɗauki ciwon hanta. Sai mu roƙi wanzamanmu su riƙa sa sabuwar reza ga kowa.

Akwai kuma cutar da babu tsagar da ke kai gare ta. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda niƙan dutsen zinariya cikin gidaje. Yaro ya yi ta jijjiga, alhali jinin da ƙaho ke zuƙa bai kai ya rage dalmar ba, gama har ƙashi take shiga. Sai da likitocin MSF suka ba da maganin da ke kama ta ya fitar ta fitsari, aka kuma kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa.