Gane Gawar Da Wuta Ta Cinye: Abin Da Shari'a Ta Tanada

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, a ranar Talata 19 ga watan Agusta, 2025, 'yan bindiga suka auka wa masallacin Unguwar Mantau, a ƙaramar hukumar Malumfashi, ana cikin sallar Asuba. Ɗan majalisar jiha mai wakiltar Malumfashi ya shaida cewa an kashe aƙalla mutum 30, an kuma ƙona wasu 20 da ransu. A irin wannan musiba, bayan kuka da ta'aziyya, akwai tambaya mai nauyi da takan rage wa dangi da limamai: idan wuta ta shafe kamannin mutum, ta yaya za a tabbatar da wane ne?

Wani zai ce, tunda rai ya yi halinsa, mene ne amfanin tonon? Amsa ita ce hukunce-hukunce da yawa sun rataya a kan tabbatar mutuwa. Takabar mace, wata huɗu da kwana goma, daga ranar rasuwar miji ake lissafa ta. Gado ba ya rabuwa sai mutuwa ta tabbata. In kuwa ba ta tabbata ba, mutumin ya zama mafƙudi, watau ɓatacce. A mazhabar Imamu Malik, matar wanda ya ɓace a ƙasar Musulunci takan kai ƙara, alƙali ya sa a yi cigiya, sa'an nan ta jira shekara huɗu kafin ta shiga takaba, dukiyarsa kuwa a tsare ta har shekarun da ba a zaton irinsa yana raye, watau saba'in a bisa mashhurin zance. Gona sai ta zauna ba a san mai ita ba, marayu suna kallo. Haka kuma alƙali ba zai hukunta mai kisa ba sai an san wanda aka kashe, da magadan da ke da hakkin jininsa.

Gane gawa ta hanyar alama yana da asali tun zamanin sahabbai. A yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, an sami Anasu ɗan Nadru da rauni fiye da tamanin, an ɓata masa kamanni, ba wanda ya gane shi sai 'yar'uwarsa, ta kan yatsunsa. Malaman fikihu suna kiran irin wannan ƙarina, watau alamar da ke nuna gaskiya, kamar rigar Annabi Yusufu wadda tsagewarta ta baya ta wanke shi. Ibnu Farhun, alƙalin Madina ɗan mazhabar Malikiyya, ya yi dogon bayani a kan aiki da ƙarina a littafinsa Tabsiratul Hukkam.

To, likitocin binciken gawa na zamanin nan a kan wannan turba suke, sai dai kayan aikinsu sun fi. Haƙori shi ne abu mafi ƙarfi a jikin ɗan Adam, kuma matauni sukan tsira don kumatu da harshe sun kare su. Giɓi ko wushirya ko haƙorin Makka suna iya zama shaida. Ƙashin ƙugu yana bambanta namiji da mace, haɗewar kawunan dogayen ƙasusuwa kuma tana nuna yaro ne ko baligi. Tsohuwar karaya da ta ɗoru, ko ƙarfen da aka sa a asibiti, ba su ɓacewa da sauƙi. Sa'an nan akwai gwajin ƙwayoyin halitta da ake kira DNA, inda ake ɗibar ɗan abu daga haƙori ko ƙashin cinya a gwada da jini ko yawun uwa, ko uba, ko ɗa. Da shi aka gane da yawa daga mamatan jirgin Dana da ya faɗi a Ikko ran 3 ga Yuni, 2012, bayan an aika da samfuri Ingila. Amma gwajin yana da iyaka: idan wuta ta yi tsanani har ƙashi ya koma fari fat, yana marmashewa, galibi ba a samun kome a ciki.

Likita kuma yana iya gane ko mutum yana numfashi sa'ad da wuta ta kama. Idan an sami kunkunniya a maƙogwaro da gubar hayaƙi a jini, alama ce da ransa ya ƙone. Rashinsu kuwa yakan sa a yi zaton an kashe shi ne, aka cinna wuta don ɓatar da sawu.

Lalle mutuncin mamaci abin kiyayewa ne, domin hadisi ya daidaita karya ƙashin matacce da karya na mai rai. Duk da haka, Majalisar Fikihu ta Rabiɗa da ke Makka ta halatta buɗe gawa don binciken laifi a shekarar 1987, a 2002 kuma ta halatta gwajin DNA don gane gawar da ba a san mai ita ba, tare da togacewa cewa ba a tsai da haddi ko ƙisasi a kansa. Sharaɗi shi ne a tsaya iyakar larura, a kuma binne duk abin da ya rage.

Game da jana'iza, hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya lissafa wanda wuta ta kashe cikin shahidai, amma shahadar lahira ce, saboda haka ana yi masa wanka da salla. In ana tsoron cuɗa za ta saɓule fata, sai a kwarara ruwa kawai; in shi ma zai ɓata jikin, sai a yi masa taimama. A Malikiyya ana sallatar gawa ne idan an sami mafi yawan jiki; abin da bai kai haka ba a naɗe shi a binne.

Abin da ya kamaci jama'a shi ne kada a share toka ko a gauraya ƙasusuwa kafin hukuma ta iso. A ware kowace gawa da likkafaninta, a rubuta inda aka same ta da abin da ke jikinta, kamar zobe ko makulli. In larura ta sa an haɗa su a kabari guda, kamar yadda aka yi wa shahidan Uhudu bibbiyu, to a sa alama a kuma ajiye rubutu wurin liman da mai gari. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, da kansa ya aza dutse a kabarin Usmanu ɗan Maz'unu don a gane shi. Gaggauta binnewa sunna ce, amma ɗan jinkirin da zai fid da mace daga jiran shekara huɗu ba saɓo ba ne. Hakki ne kuma a kan hukuma ta kusanto da wannan bincike ga talaka, ba sai ya sayar da gonarsa ba.

Allah Ya ji ƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Allah Shi ne Mafi sani.