Kafin Ka Taɓa Injin Nan

Ɗana, jiya da ka tsaya a bakin gareji kana taka totur, kana cewa motarka ba ta ja, na ji ka sarai. Na yi shiru ne don abokanka na tsaye, kuma ba a yi wa saurayi gyara a gaban tsaransa. Ka ce a cire maka indomin salansa, wato matatar hayaƙi, a kankare tof silinda, a kai ƙwaƙwalwar motar Kano a sake mata lissafi, duk don Golf ɗin wani ta wuce ka a hanyar Katsina kamar kana tsaye. Na san wannan zafin zuciyar. Ni ma ya taɓa cina.

Lokacin da aka kai ni koyon kanikanci, Fijo 504 ce sarauniyar hanyar nan. Tun 1975 ake haɗa Fijo a Kaduna, kuma ita ke kwasar mutane daga Katsina zuwa Jibiya, ta tsallaka Magama, ta bi ta Ɗan Isa ta sauke su a Maraɗi. Mun ji labarin cewa 504 ta cinye tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, ai kuwa kowane yaron gareji sai ya ɗauka motar da ke gabansa ma dokin sukuwa ce, linzami kawai aka sa mata. Abin da ba mu lura da shi ba, motar tsere tana tafe ne da rundunar makanikai da lodin kayan gyara a bayanta, kuma kwanaki kaɗan ake so ta yi a raye. Taka motar kuwa ita ce cefanen gidanku, ita ce kuɗin makarantar ƙannenka, shekara da shekaru ake so ta yi tana kai da komo.

Bari in faɗa maka yadda ƙarfi ke samuwa, don yawancin masu ba ka shawara ba su sani ba. Inji abu uku yake ci: iska, mai, wuta. Kilo guda na fetur yana buƙatar kusan kilo 15 na iska kafin ya ƙone ƙurmus. Ka ga ke nan iska ce uwar tafiya. A zamanin kafireto, sai direba ya zo ya ce a buɗa masa jet, mai ya riƙa kwarara. Iskar ba ta ƙaru ba, man ne kawai ya yi yawa. Sai fulogi ya yi baƙi ƙirin, ragowar fetur ɗin da bai ƙone ba ya wanke baƙin man da ke jikin silinda, ya gangara ƙasa ya tsinka shi, ringi ya fara cin bango. Haka masu motocin gas suke yi, su sa a murɗa musu famfo, mota na tafe tana tuƙa hayaƙi suna jin daɗi wai ta yi ƙarfi. Wannan baƙin hayaƙin mai ne da ka saya da kuɗinka yake fita ta salansa bai yi maka aikin komai ba. A da ana iya yin wannan wautar a sha. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka janye tallafin mai, kai ma ka san abin da lita take ci a aljihu.

Kankare tof silinda kuwa, nan ne na ƙone hannuna. Gaskiya ne in aka rage shi, ɗakin da wuta ke tashi yana ƙanƙancewa, matsi ya ƙaru, mota ta ɗan ƙara kuzari. Amma matsi mai yawa yana son fetur mai daraja, wanda ba ya kamawa da kansa kafin fulogi ya ba shi wuta. Kai kuma rabin man da kake sha daga jarkar 'yan bumburutu yake fitowa, ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. In fetur ya kama kafin lokacinsa, za ka ji ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, musamman in ka taka a babbar giya da lodi. Wannan ƙarar guduma ce ake sauke wa fistin a ka.

Ina da ƙuruciya wani direba ya matsa mini lamba, na kankare masa, na ƙara masa tayamin a kai. Sati biyu yana yawo da sunana a tasha, har kaina ya fara girma. A sati na uku, da tsakar rana a watan bazara, gaskit ya ƙone masa tsakanin Ɗan Isa da Maraɗi, da fasinja cike da mota har da mai jego. Da muka jawo ta muka buɗe, kan fistin guda ya ɓule kamar an sa masa wutar walda. Maigidana, Allah Ya jiƙansa, bai zage ni ba. Fistin ɗin ya miƙo mini ya ce in ajiye. Yana nan cikin akwatin sifanu har gobe, in ka zo zan nuna maka.

A ranar na gane wani abu. Waɗanda suka ƙera injin nan ba su rasa wayon da za su ƙara masa ƙarfi ba. Da gangan suka bar masa rara, kamar yadda mai hankali ba ya ɗora wa jaki iyakar abin da zai iya ɗauka. Wannan rarar ita muke ci a nan ba mu sani ba. Ita ke riƙe inji a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura maki 40, iskar kanta ta yi sako-sako, lagireto na numfashi da ƙyar. Ita ke riƙe shi in hunturu ya turnuƙe da ƙura, ko ka zuba gurɓataccen mai, ko ka wuce lokacin juye da sati uku don kasuwa ta yi sanyi. Duk ƙarfin da za a ƙaro maka, daga cikin wannan ajiyar za a ciro shi.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya zare filtar iska wai inji ya shaƙa. A Jibiya? Ƙurar da ke tasowa daga arewa ba ta da maraba da garin yashi, in ta haɗu da baƙin mai sai ta koma abin goge ƙarfe. Wata shida ya isa ka dawo neman garambawul. Haka masu cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye. Injin zamani an yi shi ne ya yi aiki da ɗumi, ruwansa a wajen maki 90. In ya zauna da sanyi, ƙwaƙwalwar motar sai ta ɗauka har yanzu asuba ce, ta yi ta ƙara mai. In mota na zafi, a duba lagireto da murfinsa da famfon ruwa, can cutar take.

Batun indomi, in ya toshe, lallai yana shaƙe mota, kuma sai an yi maganinsa. In lafiyarsa lau, abin da za ka samu bayan an fasa shi bai taka kara ya karya ba, sai ƙara da wari da fitilar gargaɗi a gabanka. Ka kuma lura da wanda ya fi zaƙewa wajen ba ka shawarar cirewa. Akwai ƙarafa masu tsada a cikinsa, kuma akwai masu saye. Ba kowane makanike nake zargi ba, amma ka tambayi inda naka zai kwana.

Sake lissafin ƙwaƙwalwa da kwamfuta ba ƙarya ba ne, ba zan rufe ka ba. A injin da ke da turbo, wanda ake cusa wa iska da ƙarfi, ana samun ƙari na gaske, in gwani ne ya yi kuma kulochi da giya za su iya ɗauka. Naka ba shi da turbo. Iskar da yake zuƙa da kansa ita ce iyakarsa, kuɗinka kawai za ka kai Kano ka dawo.

Ni abin da nake zato, motarka ba ƙari take nema ba, nata ne ya zube a hanya. Ta yi shekaru a Turai kafin ta sauka Kwatano, ta yi wasu a hannun mutum biyu kafin kai. Yaushe rabon da a auna matsin silindojinta? Yaushe rabonka da sabon fulogi na ainihi, da wankin nozul? Kulochin da ke sulɓi yana shanye ƙarfi, birkin da ke riƙewa yana shanye ƙarfi, tayar da ba ta da isasshiyar iska ma haka. Sannan lodi. Na ga ka ƙara safirin a baya. Buhu goma mai kilo 50 rabin tan ne cif, a motar da aka yi wa mutum biyar da jakunkunansu. Safirin ya ɗaga bayan motar, amma bai faɗa wa birki komai ba.

Nan nake so ka buɗe kunne da kyau. Motar da ke gudun 140 tana buƙatar kusan ninki biyu na tazarar da mai gudun 100 ke buƙata kafin ta tsaya, domin nauyin gudu ninkuwa yake yi, ba ƙaruwa kaɗan-kaɗan ba. To me za ka samu? Ka ɗauka daga Katsina zuwa nan kilomita 45 ne. A gudun 100, minti 27. A gudun 130, wajen minti 21. Minti shida ke nan, su ma za ka bar su a shingen farko da aka tsayar da kai, kuma ka fi ni sanin yawan shingayen hanyar nan. A kan minti shida za ka sa ran mutum bakwai a kan tayar Beljiyam da ba ka taɓa duba shekarunta ba. Akwai lamba huɗu a gefen kowace taya, biyun farko sati, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Ka durƙusa ka karanta naka yau ɗin nan.

Na san akwai abin da ba ka faɗa ba a gaban mutane. Tun da aka rufe boda a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, samari da yawa sun koma bin ɓarauniyar hanya, mota mai gudu ta zama abin taƙama. Ban ce yunwa ƙarya ba ce. Amma na bi gawar yaran da na koya wa riƙe sifana, kuma ba injinsu ne ya gaza ba. In kuma tsoron mutanen daji ne ke sa ka son gudu, wannan tsoron kowa na da shi, Allah Ya kawo mana ƙarshensa. A irin wannan hanya, motar da nake so ɗana ya shiga ita ce wadda ke tashi bugu ɗaya, ba ta tafasa, ba ta mutuwa a inda babu gida gaba babu gida baya.

Ka bari a ci kasuwar Lahadi ka samu na hannu. Ranar Litinin ka kawo ta da sassafe, kafin rana ta yi zafi, kada ka sa a wanke injin don ina so in ga inda yake yoyo. Ka taho da fulogi huɗu, filtar iska da ta mai, da man birki gwangwani guda. Kuɗin aiki ka bar shi. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata ciwon ƙafar ya yi sauƙi.