Yadda Ake Tantance Dutsen Da Zai Riƙe Sharar Nukiliya

Makamashin da tashar nukiliya ta gama amfani da shi yana ci gaba da fitar da tururi mai kisa har dubban shekaru. Shi ya sa Finland ta haƙa ma'ajiya mai suna Onkalo a tsibirin Olkiluoto, mai zurfin mita 400 zuwa 450, don ta riƙe sharar tsawon shekara 100,000. Kafin majalisar ƙasar ta amince da wurin a 2001, masana duwatsu sun yi kusan shekara 20 suna bincike. Babban abin da suke tsoro shi ne ruwan ƙarƙashin ƙasa, domin shi ne zai iya kwaso gubar ya fito da ita.

1. Tsagogin dutse. Ana haƙa ramuka masu zurfi, a zaro dutse a duba. Sannan a tura ruwa cikin ramin a auna saurin tafiyarsa. Duk inda aka ga babbar tsaga, ba a binne komai kusa da ita.

2. Sinadaran ruwan. A Onkalo, sharar za ta shiga tukwanen jan ƙarfe da aka kewaye da yumɓu mai kumbura idan ya jiƙe. Iskar oksijin da sinadarin salfayid suna cin jan ƙarfe, don haka dole a auna yawansu.

3. Zaman lafiyar dutsen. Dutsen Olkiluoto ya kai shekara biliyan 1.8, kuma yana nesa da yankunan manyan girgizar ƙasa. Duk da haka, sai da aka lissafa nauyin ƙanƙarar da za ta iya sake danne yankin nan gaba.

4. Rashin ma'adinai. Ana guje wa wuri mai arzikin ƙasa, kada mutanen gaba su haƙo sharar garin neman dukiya.

Jamus ta ɗanɗana kuɗar gaggawa. Tsakanin 1967 da 1978 ta zuba ganga kusan 126,000 na shara a tsohuwar mahaƙar gishiri ta Asse. Tun 1988 ruwa ke kwarara ciki, kuma a 2013 aka yi dokar da ta ce a kwashe gangunan gaba ɗaya.